Littafin Da Na Ɗinke A Cikin Fata

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yi mini haƙuri, ban saba tsayawa gaban jama'a ba, ni a zaune nake aiki. Sunana Tanko. Waɗanda suka san layin dukawa a Zangon nan sun san rumfata, ita ce ta ƙarshe, wadda rufinta ya karkace.

Mahaifina daga Kano ya biyo fataken goro, ya zauna a nan Kumasi, ya koya mini dukanci. Ina yin takalmi da jaka, amma abin da ya fi ciyar da ni ɗinkin laya ne. Mutum ya karɓo rubutu wurin malam a naɗe, ya kawo mini, in rufe shi da fata. Kuma akwai doka a sana'armu: baduku ba ya buɗe takardar da aka kawo masa. Ka buɗe, ka karya ta. Shekara da shekaru ina ɗinke rubutu, ban taɓa karanta ko ɗaya ba, alhali na yi makarantar allo, ina iya haɗa baƙi.

Sai shekarar marisuwa ta zo, murar nan da ta kwashe mutane. Kai! Wanda bai gani ba kada ya roƙi gani. Na ɗinka wa matata Ladi laya, na ɗinka wa ɗanmu, da fata mafi kyau da nake da ita. A cikin mako guda na binne su duka biyu. Aka bar ni da 'yata Asabe, tana da shekara shida.

Ba zan ɓoye muku ba, na lalace. Na fara zagayawa bayan kasuwa wurin masu bammi, tun ina ɓuya har na daina jin kunya. Hannuna ya koma rawa, in soka basilla a fata sai ta shiga yatsana. Wata rana da azahar ina kwance a buge, Asabe ta ji yunwa, ta je ta sauke tukunya da kanta. Ruwan zafi ya zube mata a ƙafa. Tana ihu a gefena, ban farka ba. Maƙwabta ne suka shigo.

Yayata Hajo ta zo. Ita ta goye ni ina jariri, don haka ba ta tauna mini magana. Ta ɗauki yarinyar, ta tsaya a kaina ta ce, “Tanko, dube ka! Tir! Idan damina ta ɗauke, ni da maigidana za mu bi ayari mu koma Kano gaba ɗaya. In ka dawo mutum kafin nan, ga 'yarka. In ba ka dawo ba, da ita zan tafi.”

Na rantse mata na daina. Kwana biyu na yi, na koma.

Akwai wani kafinta Batone, wato ɗan ƙasar nan ta Asante, Papa Kwaku, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai. Yakan kawo mini gyaran takalmi. Hausarsa kam sai a hankali, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ga yadda na koma, sai ran nan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, Linjila ce da Hausa, an buga ta da ajami. Ya ce, “Baduku, ka riƙe wannan. Ni ya taimake ni. Kai ma za ya taimake ka.”

To, ku gaya mini, in an ba baduku rubutu an ce ya riƙe zai taimake shi, me zai yi? Na je na zaɓo jar fatar akuya, na naɗe littafin, na ɗinke shi tsaf ta kowane gefe, har da ado. Na sa masa igiya na rataya a wuya. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Da shi a wuyana na ci gaba da zuwa wurin masu bammi.

Da na ga sati uku ba wani canji, ga ruwan sama ya fara ja baya, sai na tafi wurin aikinsa a fusace. Na ce, “Papa Kwaku, layarka ba ta ci! Ko ta Tonawa ce kawai, ba ta kama Bahaushe?”

Ya ce, “Wane laya?”

Na zaro ta daga cikin riga. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ajiye zartonsa. Ya ce, “Ei, Baduku! Ka ɗinke bakinsa, yaya za ya yi maka magana?”

Na ce ai in an buɗe ta karye. Ya ce, “Wannan ba ya karye. Buɗe. Kullum da safe ka karanta kaɗan, kafin ka taɓa aiki.”

'Yan'uwa, na ji tsoro. Wuni guda na yi da wuƙa a hannu ina kallon abin. Ban taɓa farke ɗinkin laya ba tun da aka haife ni. Da na farke, sai na tarar basillata ta huda gefen takardun tun daga farko har ƙarshe. Ga shi nan, har yau ramukan suna nan.

Na fara karatu da yatsa, da ƙyar, shafi guda kafin hantsi. Da fari ba abin da na gane. Amma na lura da abu ɗaya: mutanen da ke cikin littafin duniyarsu a lalace take kamar tamu. Ga marasa lafiya, ga sojojin baƙi suna mulki, ga masu binne 'ya'yansu. Ran nan na kai wurin wani uba, babban mutum, da ya zube a ƙafafun Yesu yana roƙo saboda 'yarsa tilo. Nan na tsaya. Na kifa fuskata a kan fatun da ke gabana na ce, “Yesu, ni ba babban mutum ba ne, mashayi ne. Ni na ƙona 'yata. Ban iya dainawa ba, na gwada. In kana ji, ka kama ni.” Na yi kukan da ban yi ba ranar da na binne Ladi.

Kada wani ya ce muku ƙishin nan ya tafi rana ɗaya. Ƙarya ne! Jikina ya yi ta ɓari, na yi amai, na zagi Papa Kwaku ba laifin komai. Amma kullum da safe sai in buɗe, in karanta, in roƙi ƙarfin wannan yini kaɗai. Ranar da na tsallake karatu, kafin la'asar ƙafata ta fara ja na bayan kasuwa, sai in ruga in dawo rumfa. A haka hannuna ya daina rawa. Na fara bin Papa Kwaku zuwa sujada.

Da ruwa ya ɗauke aka fara ɗaure huhunan goro, na yi wanka na tafi gidan Yaya Hajo. Asabe ta rugo ta rungume ni, ƙafar ta warke sai tabo. Yaya ta ƙare mini kallo, ta ga idona ya washe. Sai hawaye ya zubo mata. Ta ce, “Na gani, ka daina. Amma an ce mini kana shiga ɗakin sujadar Nasara. Gaskiya ne?”

Na ce, “Gaskiya ne, Yaya.”

Ta dafe kai. Ta ce, “Wayyo ni! Me zan gaya wa Baba ran gobe kiyama? Tanko, ni ban ƙi ka ba. Kawo littafin nan in sa a murhu, ka ɗauki 'yarka yanzu yanzu.”

Ba muguwa ba ce, ku ji ni da kyau. Ita ta yi jinyar ƙafar nan, ita ta hana kanta barci. Abin da ta yi imani da shi take tsoro a kai. Ni kuwa zuciyata ta ce mini: ka ba ta, ka nemi wani a ɓoye. Ko ka sake ɗinke shi a fata, wa zai sani? Ai laya kowa na da ita a Zango. Na buɗe baki zan ce to, maganar ta ƙi fita. Na ce, “Yaya, shi ya tsamo ni. In na yi miki ƙarya yau, gobe a bayan kasuwa za ki same ni.” Ta ja Asabe suka shige ɗaki.

Ranar da ayari zai tashi, na farka da mugun nufi. Na soke wuƙar aikina a ƙugu. Na ce 'yata ce, zan ɗauke ta, wanda ya tare ni ya ga abin da zai gani. Har na kai ƙofa, sai na tuna ban yi karatun safe ba. Na buɗe a tsaye, don in gama in wuce. Inda na tsaya jiya, nan aka zo kama Yesu, wani almajirinsa ya zare takobi ya sare kunnen mutum. Yesu ya hana shi, ya kuma taɓa kunnen ya warkar. Na ji haushi, wallahi na ji! Na ce, “Yau ma sai ka hana ni?” Daga baya na zare wuƙar na ajiye a kan fatu, na ɗauki takalman da na ɗinka wa Asabe, masu laushi ta wajen tabon.

A bakin Zango na same su, ana ta ɗora wa jakuna kaya. Na durƙusa na sa mata takalman da hannuna. Ta ce, “Baba, kai ba ka zuwa?” Na ce ba yau ba. Yaya Hajo ta ga ƙuguna ba wuƙa, ta kuma matso kusa, na san warin bakina take nema. Na tsaya har suka ɓace. Hanyar komawa rumfata ta bayan kasuwa take bi. Na wuce masu bammi suna kirana da suna, na wuce! Yabo ga Ubangiji!

Damina biyu ke nan. Ba zan ce muku ba na jin ciwo ba. Akwai safiyar da nake buɗe littafin ina fushi da Mai shi. Na roƙa a dawo mini da 'yata, har yau ba a dawo da ita ba, ban kuma san dalili ba.

Amma a watan jiya wani falke ya tsaya a rumfata, ya ce daga Kano yake, wata Hajo ta ba shi saƙo. Ya kwance bakin rawaninsa ya miƙo mini wannan. Ku duba. Zare ne, da ƙulli a kowane gefe. Wanda ba baduku ba ba zai gane ba: awon ƙafa ne. Na gwada shi da tsohon awonta, ya ƙaru da yatsa biyu. Tana raye, tana girma, kuma yayata ta yarda ubanta ne zai yi mata takalmi.

Na gode wa Yesu da ya kama ni. 'Yan'uwa, in kuna da littafin nan, kada ku rataye shi, ku buɗe shi kowace safiya, ku dogara ga Mai maganar ko da bai ba ku amsa ba tukuna. Ku sa Asabe da Yaya Hajo cikin addu'a. Falken jibi zai juya, ni kuwa saura ƙafar hagu ban gama ba. Amin.