Babur ɗin da Na Ɗauka a Rabon Gado

Da kuɗin tunkiyata na tafi Kumasi. Ita kaɗai gare ni, na sayar da ita a kasuwar Galmi, na ƙulle kuɗin a bakin zane, na hau motar albasa na bi mai gidana da ya riga ni tafiya. Ku matso nan, ku da kuke wuni kuna leƙen zaure kuna shafa baƙin babur ɗin can. Yau za ku ji yadda aka yi ya zo gidan nan, don na gaji da ƙaryar da ake yi a kansa a bakin rijiya.

A unguwar Aboabo muka zauna, ɗaki ɗaya a gidan haya mai mutane kamar kasuwa. Ni ina sayar da koko da ƙosai, shi yana gyaran babura a Suwame, unguwar makanikai. Hausar can kuwa sai kun ji. Mace za ta shigo, a ce wai “Hajiya ya zo.” Wake da shinkafarmu ma sun karɓa sun lanƙwasa masa suna, wai “wace”, su kuma sayar mana da tsada. Makanike sunansa fita, babban fita kuma masta.

Mun daɗe muna tarin kuɗi. Mun sayi ɗan fili a bayan gari, muna tara na gini. Wata rana da la'asar ina wanke tukunya na ji ƙasa tana rawa, kaji suka watse. Sai ga mai gidana ya shigo a kan wannan dodon, yana murmushi har kunne.

Na ce, “Malam, na wa ka kawo gyara?”

Ya ce, “Namu ne.”

“Namu da wa?”

“Da ke. Wani da ya dawo daga Turai ne ya shiga matsi ya sayar. Ki duba ɗinkin sirdin nan. Ki duba fentin. Haka ya fito daga kamfani, ba fitan da ya taɓa shi, kuma kaɗan aka ƙera irinsa.”

Na ce, “To a cikin sirdin za mu kwana in damina ta zo?”

Kuɗin ginin ne ya kwashe. Na yi sati ban soya masa nama ba, kuma har yau ban ce ya yi daidai ba.

Amma kyau, yana da kyau. Baƙi ne wuluk, in rana ta buge shi sai ka ga ja yana ɓoye a cikin baƙin. Tayar baya kamar ta mota. Ranar wata Sallah mai gidana ya matsa sai na hau, muka bi hanyar Akara. A kan kwalta mai kyau ba ka san kana tafiya ba, kamar kana zaune a kujerar falo, ya wuce tirela ko muryarsa ba ta canja ba. Ranar kaɗai na taɓa riƙe mai gidana a gaban mutane, kuma ban ji kunya ba.

Aibinsa ma ba na ɓoyewa. Yana shan mai kamar raƙumi. Cikinsa a ƙasa yake, kowane tudun rage gudu sai ya karce shi. A lungunan Aboabo ba ya juyuwa, sai an yi gaba an yi baya kamar mai koyon rawa. In aka tsaya a cunkoso zafin injin ya gasa maka ƙafa. Ko jarkar kokona ba ta da wurin zama a kansa. Mai gidan hayarmu, wata tsohuwa 'yar Asante, kullum sai mun yi da ita.

Ta ce, “Maame Koko,” wato uwar koko, “wannan moto ya biya haya?”

“Ke awakinki sun biya?”

“Akuya ba ya tada ni barci!”

“Ki riƙa tashi da wuri, ya fi miki lafiya.”

Ba babur ne ya kashe shi ba, ku daina faɗar haka. Ciwon hanta ne, a kan gadon asibiti, ina riƙe da ƙafarsa. Allah ya jiƙansa. Ba a yi sadakar bakwai ba ƙaninsa Sale ya tsaya a bakin ƙofata yana cewa, “Yaya, makullin babur fa? Kar batir ya mutu.” Na ce daga bayan labule, “Mai shi ma ya mutu.” Na ɗaura makullin a ƙuguna. Tun ranar na san abin da yake so, na kuma san ba zan iya ganin wani a kan sirdin nan ba.

Da na fita takaba aka zauna rabon gado a tsakar gida. Allah bai ba mu haihuwa ba, iyayensa kuma sun rasu, don haka rubu'i ne nawa, saura na Sale. Abin da ya bari shi ne filin, da rumfar gyara da kayanta, da babur. Limamin unguwarmu ya ce sai an yi wa kowane abu kuɗi tukuna. Sale ya kawo abokinsa Masta Yaw ya yi wa babur kuɗi. Dabararsu ita ce a karya farashinsa, Sale ya ɗauke shi a arha cikin rabonsa, ni kuma rubu'ina ya ƙanƙance.

Masta Yaw ya zagaya babur yana tsaki. Ya ce, “Liman, wannan moto wahala ne. Ba ya haya, ba ya ɗaukar kaya. In abu ɗaya ya lalace, duk Suwame ba ka samu. Wane ne zai saya?” Ya faɗi kuɗin da ko babur ɗin haya mai ɗan kyau ya kusa kai shi.

Liman ya ce, “Sale, ka yarda da wannan?”

“Na yarda, Allah gafarta. Ni ma don tunawa da Yaya kawai zan karɓe shi.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, a wannan kuɗin, zai shiga rubu'ina?”

Liman ya yi lissafi ya ce, “Zai shiga, amma zai cinye shi duka. Ba ki da komai a fili.”

Na ce, “A sa min shi.”

Sale ya miƙe tsaye. “Me mace za ta yi da shi? Kin san kuɗin babur ɗin nan kuwa? Ya fi filin can!”

Liman ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce, “Ɗazu ka yarda da magana a gaban shaidu. Yanzu ka kawo wata. Wacce ce gaskiya? In ta biyun ce, dukiyar matar yayanka ka zo ci ke nan, sai ka faɗa mu ji.”

Sale ya dubi Masta Yaw, Masta Yaw ya dubi wayarsa. Can Sale ya ce, “Ta farkon ce.” Ya zauna.

Haka na bar Kumasi ba fili, ba ɗaki, sai tukwanena da babur a cikin motar albasa da ta sauke kaya za ta koma. Da muka iso, yayata ta ce, “Wasu suna dawowa da kwanon rufi, ke kin dawo da ƙarfen da ke nutsewa a yashi.” Gaskiya ta faɗa, ko kasuwa ba ya kaiwa sai an tura. Wani Alhaji daga Ƙonni ya aiko yana so, ya sake aikowa da tayin kuɗin da zai gina mini ɗaki har da shago. Na ce a gaida shi.

Hawa ban iya ba tukuna, amma na iya tada shi, kuma duk Juma'a sai na tada, ko unguwa ta so ko ta ƙi. Yau kuwa Juma'a ce. Ke Rabi 'yar yayata, ɗauko min jarkar mai a bayan ƙofa. Ku samari ku kama mu turo shi waje, a hankali, wanda ya karce min fenti ba shi ba tuwon gidan nan.