Harajin Wucin Gadin da Ya Cinye Min Hutu

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Ni direba ne a Gubaira, nan Riyad. Da hannuna na jawo wa kaina, na sani, amma ku bar ni in yi faɗana.

Cewa aka yi harajin filin jirgin da ake ɗora mana a tikitin zuwa gida na wucin gadi ne, ƙarshen wata zai faɗi. Ni kuwa da na tsaya aji huɗu na firamare, sai na zama masanin tattalin arziki. Kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, ya riga ya buga min bizar fita da dawowa, amma na ce wa maiɗakina, "Kwantar da hankalinki, mu jira mu saya da araha."

Wata ya ƙare, aka ƙara wa harajin wa'adi. Na sake jira, aka sake ƙarawa! Kafin in farga biza ta mutu. Kafili ya ce, "Khalas, shi ke nan, sai baɗi."

Don Allah wane irin wucin gadi ne wannan? In na dindindin ne ku fito ku faɗa, mu biya mu huta, ku daina wasa da hutun talaka!

'Yata Hanifa, da aka haifa nan, ba ta taɓa ganin kakarta ba, har gaisuwar Hausa ta haddace mata. Inna kuwa a Maraɗi ta shafe ɗaki tana jira, kuma har yau ban gaya mata ba. Jama'a, ku ba ni shawara, da wane baki zan fara?