Waƙar da ta fitar da Baba daga majami'a

Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Ayuba, tsohon manomi a Dungas.

Zamanin Nasara, ina saurayi, mu Kirista ba mu cika tabarma uku ba. Waƙoƙin sujadarmu na Turawa ne, ba kiɗa ba tafi, ni kuwa sun ishe ni. Sai na tsara tawa, na ɗora ta kan amon garaya. Alhali na san Baba makaɗin 'yan bori ne kafin ya tuba, da hannunsa ya ƙone garayarsa.

Ran Lahadi na tashi na rera. Baba ya miƙe, ya ce, "Ayuba, abin da na gudu na bari ka biyo ni da shi har nan?" Na ce masa zamani ya wuce shi. Ya fita, bai sake shiga ba. Kafin kaka muka binne shi.

Yau jikokina sun shigo da gita da ganguna cikin majami'a. Zuciyata na tafasa, ƙafata na neman ƙofa. Jama'a, ku ba ni shawara: in zauna in haɗiye, ko in bi sawun Baba?