Na Raba Ƙuri'ata Kamar Naman Layya

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Kakarka ce Delu daga Dingaya. Ka karanta a hankali, kada ka haɗiye rabi yadda ka saba.

Bana aka ce mu ma mata za mu yi zaɓe. Ƙanena Sale ya zo ya ce ɗan takarar jam'iyyarsu zai haƙa mana rijiya. Na ce, "To." Sai ga surukina Malam Idi tun daga Birnin Kudu, ya durƙusa ya ce, "Inna, namu ne mai rijiyar." Wa ke iya ce wa suruki a'a? Na ce, "To."

Ranar zaɓe aka shafa mini tawada a yatsa. Na tuna rabon naman layya, ba a hana kowa. Na dangwala wa na Sale, na dangwala wa na Idi, ragowar tawadar na ba wata jam'iyya da ba ta da kowa a garinmu, don tausayi.

Maƙwabciyata ta ce wai ƙuri'ar ta lalace. Ni fa na kasa ganewa. Yaya abin da aka raba da adalci zai lalace?

Yanzu na Idi ne a majalisa. Sale ya daina gaishe ni, Idi yana ta godiya, mu kuwa har yau rafi muke zuwa ɗibar ruwa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In je wurin wakilin nan in nemi rijiya sukutum, ko kashi ɗaya cikin uku ne rabona?