Ƙarya Ba Ta Son Ruwa

A bakin tashar Tudun Wada, Malam Ladan ya tsaya gaban wani mai sayar da dashe, riƙe da ruɓaɓɓen kututture a leda. Ya nuna wata shuka mai jan fure a cikin tukunya.

"Ɗana, irin wannan nake nema. An ce ba ta son ruwa ko?"

"Ƙarya ce, Baba."

Dattijon ya ɓata fuska. "Ni ne maƙaryacin?"

"Subhanallahi! Sunanta ke nan, ƙarya. Waɗannan na dama kullum ake ba su ruwa, na tsakiya sai an ga sun yi yaushi. Ita kuwa sai ƙasarta ta bushe ƙamas."

"To ai ka ƙara ruɗa ni. Bushewa ce ke raya ta?"

"Taɓa gindinta ka ji. Tulunta a cikinta yake."

Malam Ladan ya buɗe ledar. "To wannan me ya kashe ta? Safe da yamma ban taɓa fashin ba ta ruwa ba."

"Ai ruwan ne ya ruɓar da ita, Baba. Da can wa ke kula da ita?"

"Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Ni da nake mata faɗa wai tana barin abu da ƙishirwa."

"Allah ya yi mata rahama. Ɗauki wannan, ka ajiye ta a rana, ka manta da ita."

Dattijon ya daɗe yana juya tukunyar a hannunsa.

"Na ji. To in na dawo daga masallaci da asuba, me zan riƙa yi?"