Kwata a Ƙofa, Keke a Gida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Tirwun nake rubutowa.

Ni direban Keke Napep ne. Da aka ce za a yi mana titi da kwata, kowa ya yi murna. Wata safiya katafila ta haƙa rami mai zurfi a ƙofar gidanmu, alhali kekena yana ciki. Shugaban ma'aikatan ya ce, "Malam, yi haƙuri, gobe za mu rufe." Har damina ta shigo goben ba ta zo ba. Mai gidan da nake haya kuma ya hana ni fasa katangar baya. Yanzu kaji ke kwana a keken.

Jama'a, ina mafita? Ina gaida abokan sana'ata na Ƙofar Wambai. Ina nan da raina, ci gaba ne ya kulle ni.