Ƙafar Dama Mai Ƙashin Hagu

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Daga Nima nake rubuto muku, a kan wani lamari mai nauyi da ya gagari dattawan unguwarmu.

Bara babur ya karya mini ƙafar dama a unguwar Maamobi. Ciwon ya yi ruwa har ƙashin ya ruɓe. Likitoci suka kankare ruɓaɓɓen, suka yanko ƙashi daga ƙafata ta hagu suka cike gurbin. Alhamdu lillahi na warke, har trotro, motar hayarmu, nake bi da gudu.

Ranar da na koma masallaci, na ɗaga dama zan shiga kamar yadda aka koya mana, sai maƙwabcina Alhaji Bawa ya riƙe mini riga ya ce, "Malam Sule, wannan dama ce, ko hagu ce ta yi hijira?" Ina tsaye ina zurfafa nazari, ya wuce ya zauna a wurina na sahun gaba, ƙarƙashin fanka. Tun daga ranar, a can yake zama.

Ina roƙon malamai masu sauraro su ba ni fatawa kafin Juma'a, kan ƙafar da zan riƙa shiga masallaci da ita. Ina gaishe da likitocina da dukkan mutanen Nima, ban da Alhaji Bawa.